Yadda nake ɗauko ilhama daga masu zane na zamani ba tare da na kwafe su ba

Aikin da zan yi misali da shi fosta ce mai girman A3, wato milimita 297 a 420, ta tallar makon karatu na wani ɗakin karatu. Abin da za ta ɗauka kaɗan ne: sunan taro, rana, wuri, da layi ɗaya na gayyata. Za a buga ta a takarda, za a kuma sa ta a intanet, inda yawancin mutane a allon waya za su gan ta. Kafin in buɗe hoton aikin kowa, waɗannan sharuɗɗa nake fara rubutawa a saman takarda, domin su ne za su tace mini abin da zan kalla. Duk wanda ya shiga neman ilhama ba wata matsala a hannunsa, komai ya gani sai ya burge shi, amma ba abin da zai amfane shi. Tawa matsalar a nan ita ce yadda zan nuna yawan littattafai da yawan masu karatu ba tare da na zana buɗaɗɗen littafi da yaro yana murmushi ba, wanda kusan kowace fostar karatu ta riga ta yi.

Ba na farawa da aikin 'yan uwana masu tsara zane. Wanda ya tsara fosta ya riga ya warware irin matsalata, saboda haka idan na kalli tasa, amsar gaba ɗaya hannuna zai ɗauko. Shi kuwa mai zanen fenti ko mai sassaƙa, wata matsala daban yake fama da ita. Ba ya sayar da tikiti, ba ruwansa da ko za a iya karanta rana da wuri daga nesa. Dole sai na juya abin da ya yi kafin ya shiga aikina, kuma a wurin juyawar nan ne aikin ke zama nawa.

Pinterest da Instagram ma ba nan nake fara lalube ba. Manhajojin nan suna ƙara nuna maka irin abin da ka riga ka danna, sai ka yi ta zagaye a wuri guda, kuma hotuna da yawa suna yawo ba sunan mai aiki, ba shekara, ba girma. Shafukan manyan gidajen baje kolin zane kamar Tate na Landan da MoMA na New York, da kuma Google Arts & Culture, suna rubuta abubuwa huɗu a ƙarƙashin aiki: wanda ya yi shi, shekarar da ya yi, kayan da ya yi amfani da su, da tsawo da faɗi. Biyun ƙarshe nake fara karantawa. A allon waya, zane mai faɗin tafin hannu da wanda ya rufe bango duka girmansu ɗaya, alhali rabin ƙarfin wasu ayyuka daga girmansu yake fitowa. Idan akwai hoton da ya nuna mutum tsaye kusa da aikin, shi nake ajiyewa. Idan kuma da halin zuwa a gan shi ido da ido, gani ya kori ji.

Mutum uku na tsayar wa wannan aiki, kuma ba na wuce haka. Idan suka kai goma, ba wanda zan kalla da kyau. Na zaɓi El Anatsui saboda batun yawa, Barbara Kruger saboda yadda rubutu ke zama a kan hoto, sai Bridget Riley saboda motsi.

Kallon kansa aiki ne da fensir a hannu, kamar minti ashirin ga kowane aiki ɗaya. Nakan rubuta inda idona ya fara sauka da inda ya koma bayan nan. Nakan ƙirga launuka, in ƙiyasta kason kowanne: wane ne ya ci rabin fili, wane ne ɗan ɗigo kawai. Sai in nemi mafi ƙanƙantar abin da aka gina aikin da shi, in duba yadda gefensa ya ƙare, in kuma tambayi kaina me mai aikin ya ƙi sakawa alhali wani zai saka. Bayan nan sai gwaji biyu a kwamfuta. Na farko, in cire launi gaba ɗaya hoton ya koma fari da baƙi da ruwan toka, don in ga inda haske da duhu suka zauna. Na biyu, in rage shi ya koma kamar kan sarki, in ga abin da ya rage. Abin da ya tsira daga wannan ragi shi ne ginshiƙin aikin.

A kan El Anatsui na fi daɗewa. An haife shi a Ghana a 1944, ya fara koyarwa a jami'ar Nsukka a 1975, kuma a 2015 aka ba shi kyautar Zakin Zinariya ta aikin rayuwa a babban baje kolin birnin Venice. Wanda ya hango aikinsa daga nesa zai ɗauka wani ƙaton mayafi ne na zinariya aka rataye. Da ka matso sai ka ga marafan kwalabe ne na alminiyam, an buɗe su, an daddaƙe, an yanka wasu, an nannaɗe wasu, an huda kowanne an ɗaure shi da na kusa da shi da siririyar wayar jan ƙarfe. Mataimakansa suna haɗa su ɓangare-ɓangare, a shimfiɗa a ƙasa, ya yi ta sauya musu wuri har tsarin ya zauna masa. Kuma yakan bar wa masu ratayewa su lanƙwasa aikin yadda ya dace da wurinsu, shi ya sa aiki ɗaya kan fito da siffa daban a gidaje daban.

Mai gaggawa abin da zai ɗauko daga nan shi ne ruwan zinariya da ƙyalli. Waɗannan kamanni ne, kuma nasa ne. Ni shawarwarin da ya yanke nake nema, sai na rubuta guda huɗu. Ƙwaya ɗaya, wato marfin kwalba guda, ƙarama ce, ba ta da wani kwarjini ita kaɗai. Ba a ɓoye mahaɗa ba, ana ganin wayar. Launi ba a watsa shi daidai-wa-daida ba, yana taruwa ne gungu-gungu, ja ya cika wani yanki sannan ya sirance a hankali. Gefen aikin kuma ba miƙaƙƙe ba ne, kamar ana iya ci gaba da ƙara masa. Wannan na huɗun shi ya fi kama hankalina, domin ɗakin karatu ma haka yake, kullum ana ƙara masa.

Kruger ba ta ɗauke ni lokaci ba, don ita da ma daga sana'armu ta fito. An haife ta a Amurka a 1945, ta yi aikin tsara shafuka a mujallar Mademoiselle kafin ta koma zane. Hoto fari da baƙi take ɗauka, ta ɗora jan zirin fili a kai, ta rubuta gajeriyar magana da farin harafi mai kauri da ya ɗan karkata, samfurin Futura. Abin da na rubuta a kanta jimla ɗaya ce: rubutu yana da nasa dandamali, ba ya kokawa da hoto. Ja da fari da wancan harafi kuwa ban taɓa su ba. Haɗin ya zama tambarinta, har kamfanin tufafi na Supreme da aka kafa a 1994 an san tambarinsa da kama da aikinta. Duk wanda ya sake haɗa su uku, sunanta za a fara kira kafin a karanta saƙonsa.

Riley 'yar Ingila ce, haihuwar 1931, kuma aikinta na farko-farko layuka ne da siffofi baƙi da fari masu sa ido ya ga kamar takarda na motsi. Bayan baje kolin da MoMA ta yi a 1965, masu tufafi sun kwashi salon zanenta sun buga a yadi ba da izininta ba, abin da ta nuna ɓacin ranta a kai. Sun ɗauki kamanni sun bar abin da ya haifar da shi. Dabararta ita ce ta riƙe siffa ɗaya, ta sauya abu guda kawai a jikinta, faɗi ko tazara ko karkata, kuma a hankali, mataki-mataki. Siraran layukanta ba za su yi wa fostata ba ko da na so. Idan aka rage hoto mai layuka masu matsatsi don ya shiga allon waya, layukan kan ci karo da ɗigogin allon, sai wasu igiyoyi da ba ka zana ba su bayyana. Ga shi kuma ido ba ya iya hutawa ya karanta rana da wuri a kusa da su. Sauyi a hankali kaɗai na ɗauka.

Daga nan sai in rufe hotunan duka, kuma ba na sake buɗe su sai aiki ya kusa ƙarewa. Wannan mataki shi ne mafi muhimmanci a wurina. Muddin hoton yana buɗe a gefen allo, hannu zai riƙa bin sa ko ba a so. Abin da ke gabana yanzu takardar jimlolin nan ce kawai, ba sunan kowa a ciki. Idan da sarari nakan bari a kwana, domin washegari ƙananan siffofin sun dusashe a ƙwaƙwalwa, ƙa'idojin ne suka rage.

Sai tambaya ta gaba: mece ce tawa ƙwayar? Dole ta fito daga batun fostar, ba daga aikin wani ba. Na gwada harafi, na gwada kusurwar shafi da aka lanƙwasa, na tsaya a kan gefen littafi, wato wannan siririn ɓangaren da ake gani idan an jera littattafai a kanta. Siffa ce mai sauƙi, doguwa mai kusurwa huɗu, kowa ya san ta, kuma tana zuwa da kauri daban-daban. Na zana akwatuna goma sha biyu a takarda, kowanne santimita 5 a 7, wanda ya yi kusa da siffar A3, na cike su da baƙin alƙalami mai kaurin baki, minti biyu ga kowanne. Ƙanƙantar akwatin da kaurin alƙalamin da gangan ne, don su hana ni ado. Na farko-farkon yawanci abin da kowa zai yi ne, jerin kanta miƙe. Sai wajen na bakwai ko na takwas abu ya fara sauyawa: littattafan suka taso daga kusurwar ƙasa ta hagu, masu kauri a ƙasa, suna sirancewa suna hawa, gefensu na sama a buɗe ba a datse ba.

Ban tafi kwamfuta kai tsaye ba. Kwamfuta tana son daidaito, idan ka kwafi siffa sau ɗari za ta ba ka ɗari masu kama ɗaya, sai aikin ya fito a sandare. Na yanka takardu masu launi da reza da rula, faɗi daga milimita 5 zuwa 14, tsawo daga 30 zuwa 50, na baza su a kan farar takarda A3 ba tare da gam ba. Rashin mannewar yana ba ni damar tura gungu guda da yatsa in ga abin da zai faru. Tsakanin kowace ƙwaya da 'yar uwarta na bar farin fili kamar milimita ɗaya, ba daidai ba ko'ina, wanda shi ne ya tsaya a matsayin mahaɗar da ake gani. Da tsari ya zauna sai na ɗauki hotonsa daga sama a hasken taga, ba da fitilar waya ba don tana kawo inuwa mai kaifi, sannan na sake zana siffofin a kansa a manhajar zane ta Inkscape. Illustrator ko Figma ma za su yi. Ban gyara 'yan karkace-karkacen da hannu ya bari ba.

A nan ne batun girma ya dawo. Aikin Anatsui mita da yawa ne, ƙwayoyinsa dubbai, kuma mai kallo yana da damar ya ja baya ya matso. Fosta ba ta da wannan gata. Idan ƙwayoyi suka yi yawa a A3, daga nisan taku biyar sai su narke su zama launi ɗaya mai dauɗa, ba a gane littattafai ne. Na riƙa ragewa ina ja da baya ina dubawa, har na tsaya a wajen ƙwaya 150, inda ake jin yawa amma har yanzu ana gane siffar kowace.

Launi shi ne inda masu koyo suka fi faɗawa rami. Akwai kayan aiki a kowace manhajar zane da ke tsotso launi daga hoto, kuma mutum zai ɗauka da ya danna a kan aikin da yake so zai sami launin. Gwada shi a kan hoton ƙarfe mai ƙyalli ka gani: abin da zai ba ka ruwan ƙasa ne ko rawaya mai duhu. Ƙyallin ba launi ba ne, haske ne ke sauyawa a kan ƙarfe yayin da mai kallo ke motsi, kuma tawadar buga takarda ta yau da kullum ba ta iya wannan. Aikin mai zane Olafur Eliasson na 2003 a babban zauren gidan baje koli na Tate Modern ya nuna haka ƙarara. Ya kafa rabin da'ira na fitilu masu fitar da haske rawaya iri ɗaya tak, ya sa madubi a rufi ya cike da'irar ta zama kamar rana, kuma a ƙarƙashin wannan haske launukan tufafin mutane duk suka ɓace, sai rawaya da baƙi. Launi yana tare da hasken da ya faɗo a kansa. Saboda haka ba launin nake ɗaukowa ba, rabonsa nake ɗaukowa. Na ba shuɗi mai duhu fiye da rabin ƙwayoyin, kore mai sanyi wajen kashi ɗaya cikin uku, sai ruwan lemo ɗan kaɗan da ya taru a gungu biyu, ɗaya daga cikinsu dab da inda rubutu zai zauna don ya ja ido can.

Allo da haske yake haɗa launi, ja da kore da shuɗi, tsarin da ake kira RGB. Injin bugawa kuwa da tawada huɗu yake haɗawa, tsarin CMYK, kuma iyakarsa ta fi ta allo ƙunci. Shuɗi mai walƙiya da kore mai ƙyalli da ruwan lemo mai kaifi su suka fi mutuwa a takarda. Shi ya sa tun farko nake duba fayil ɗin bugawa a CMYK, ba sai a ƙarshe ba, in kuma buga gwaji ko a ƙaramar takarda ce, in kai shi irin hasken da fostar za ta zauna a ciki.

Rubutun na ba shi nasa dandamali: farin fili a sama ta dama, inda littattafan ba su kai ba, babu komai a bayansa. Harafi miƙaƙƙe na zaɓa, baƙi a kan fari. Ga kwafin intanet nakan auna bambancin hasken rubutu da na bayansa, kada ya gaza 4.5 a kan 1 ga ƙananan haruffa, ko 3 a kan 1 ga manya, wanda shi ne ma'aunin da aka saba bi don masu raunin gani. Ga bugawa kuma, ƙananan haruffa da baƙar tawada kaɗai nake yin su. Idan aka haɗa baƙin daga tawada huɗu, ɗan gocewar injin ko na gashi ɗaya zai sa gefen harafi ya fito da inuwar ja ko shuɗi. Fayil ɗin ɗigo 300 a kowane inci, wanda a A3 ya kama ɗigo 3508 a 4961. Siffofin da suka taɓa baki na ƙara musu milimita 3 a waje don wuƙar yanka, rubutu kuma na janye shi aƙalla milimita 5 daga baki.

Sai yanzu na sake buɗe hotunan mutum ukun, na ajiye su gefe da gefe da fostar. Abin da nake dubawa shi ne ko akwai siffa, ko haɗin launi, ko tsarin fili da za a iya ɗora nawa a kan nasu ya zauna. Sannan na nuna wa wanda ya san zane ba tare da na gaya masa komai ba. Idan kalmar farko da ta fito bakinsa sunan mai zane ce, aikin bai gama zama nawa ba, sai in koma in sauya ƙwayar ko launin. Idan ya ce littattafai ne suke tasowa, to an isa.

Wannan bincike yana da ɓangaren shari'a. A dokokin haƙƙin mallaka, dabara ko salo ba a mallake su, amma takamaiman aiki ana mallakarsa. Yarjejeniyar Berne, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan haƙƙin mallaka, ta sa mafi ƙarancin kariya ya zama tsawon ran mai aiki da shekara 50 bayan rasuwarsa, ƙasashe da yawa kuma sun kai shi 70. Ma'ana kusan duk aikin mai zane na zamani yana ƙarƙashin kariya, ko da a fili ka same shi a intanet. Shepard Fairey, wanda ya yi shahararriyar fostar yaƙin neman zaɓen Obama a 2008, ya gina ta ne a kan hoton kamfanin dillancin labarai na AP, kuma rigimar ta kai kotu a 2009, ba a sasanta ba sai 2011. Saboda haka duk wani zane da na bi layin aikin wani don in fahimce shi, a littafin nazari yake tsayawa, ba ya shiga fayil ɗin aiki ko a ɓoye. A littafin nan kuma nakan rubuta sunan aikin da na kalla, shekararsa, da jimlar da na ciro, domin idan mai ba da aiki ya tambayi inda tunanin ya fito in nuna masa hanyar daki-daki.

Kwafin waya ban same shi ta hanyar rage na A3 ba, sake gina shi na yi. A allo mai faɗin yatsu huɗu ƙwaya 150 ba sa ganuwa, farin filin da ke tsakaninsu ma ɓacewa yake yi. Na rage su zuwa wajen 40, na ninka faɗin tazarar, na bar gungu ɗaya na ruwan lemo maimakon biyu. Layin gayyata na cire shi daga hoton na mayar da shi rubutun da ke ƙasa, sunan taro da rana kaɗai suka rage a farin filin, kuma na tura wa wayata na duba shi a tsakar rana da hasken allo a rage kafin in miƙa.